Kunyar riƙe tsumma ce ke kashe mana kekuna

Ranar wata Lahadi da hantsi, muna dawowa daga yawon keke da muka saba yi mu bakwai daga Maraɗi zuwa wajen Tibiri, sai muka biyo wani ɗan gangare kusa da gulbi. Wani abokinmu, malamin makaranta, shi ke gaba. Kwatsam sai ga amalanken jaki ya fito daga lungu. Abokin nan ya matse birki, keke ya ƙi tsayawa, ƙarar ƙarfe kan ƙarfe kawai muke ji. Ya kauce ya faɗa cikin rairayi. Allah ya taƙaita, ya tsira da ƙujewa a gwiwa da tafin hannu, jakin kuwa ko kallonsa bai yi ba.

Da muka ɗaga keken muka duba, robar birkin baya ta cinye har ƙarfen da ke riƙe da ita ya fara cin rim, ta gaba kuma ta karkace, ba ta kama inda ya kamata. Na ce masa, "Malam, yaushe rabonka da duba birkin nan?" Ya ce, "Ai satin da ya wuce na kai shi aka yi mini faci, mai gyaran bai ce mini komai ba." Faci ya kai, faci aka yi masa. Amma a ransa yana ganin tunda keke ya shiga hannun mai gyara, to alhakin duk abin da ke jikinsa ya sauka daga wuyansa.

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai ke da irin wannan tunani ba. Da ni da yawancin abokan hawanmu duk mun taɓa yin sa.

A da, keke abin hawan mai neman abinci ne: ɗan kasuwar ƙauye, mai kai nono da itace, ɗan makaranta, masinja. Da moto ta yi araha, ƴan kabu-kabu suka cika gari, sai aka jingine shi, har ya zama alamar rashi. Yanzu ga shi ya dawo ta wata ƙofa. A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da sassafe kana iya haɗuwa da ma'aikaci ko ɗan kasuwa a bakin kwalta yana tuƙa keke don motsa jini. Wani likita ne ya tsorata shi da hawan jini, wani ciwon suga, wani tumbi ne ya dame shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, keke kuwa na cikin hanyoyi mafi sauƙi na cika wannan, tunda ba ya wahalar da gwiwa kamar gudu. Wannan duk abin murna ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne, sabon mahayin nan yana sayen komai ban da tsumma. Zai zuba kuɗi ya sayi keke mai giya ɗan gwanjo daga Turai, ya sayi hular kwano, rigar wasanni da tabarau, ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Bayan wata shida sai ka ji sarƙa na kuka, giya na tsalle, taya na gurzar birki. Bayan shekara sai ka tarar da keken jingine a bayan ɗaki, kaji na kwana a kansa, mai shi kuma yana cewa kayan yanzu ba su da ƙarko. Ra'ayina shi ne: duk wanda ya zaɓi keke don sha'awa ko don lafiya, wanke shi da duba shi da ƙaramin gyaransa aikinsa ne, a gidansa, da hannunsa. Wanda ya ƙi yi, kuɗinsa yake ƙonawa, wata rana kuma fatar jikinsa ce za ta biya.

Mu fara da ƙasar da muke hawa a kanta. Kekunan nan da ake kawo mana an ƙera su ne don ƙasashen da matsalarsu ruwan sama ce da laka. Mu tamu matsalar rairayi ce, da ƙurar hunturu, da ranar da ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Babu gaɓar keke da ke shan wahalar wannan kamar sarƙa. Abin da akasarinmu ke yi idan ta fara ƙara shi ne mu tsaya wurin mai gyaran moto mu roƙi baƙin mai, a kwarara mata har yana ɗiga. Ƙarar takan ɗauke, sai mu ce an yi magani. Alhali baƙin mai ya riga ya gama aikinsa cikin inji, cike yake da dattin ƙonuwa da garin ƙarfe, ga shi da danƙo. Da ka shiga hanya sai ya riƙa kama yashi, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin ƙusoshin sarƙa da haƙoran faifai duk juyin feda. Da hannunmu muke zuba wa keke abin da zai cinye shi.

Abin da ya dace ba shi da wuya. Ka sami tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir ka wanke sarƙar, ka goge ta da tsumma har ta bushe. Kada ka yi amfani da man fetur ɗin kwalba na bakin hanya, domin yana saurin kama wuta, yana kuma ɓata roba. Sannan ka ɗiga mai marar kauri a kan kowace gaɓa, ɗigo ɗaya ɗaya. In ba ka sami wanda aka yi musamman don sarƙa ba, man keken ɗinki ya fi baƙin mai nesa ba kusa ba, sai dai ya kan so a riƙa sabunta shi akai-akai. Ka juya feda baya na ɗan lokaci don man ya shige ciki, daga nan ka sake ɗaukar tsumma ka goge duk wanda ya rage a waje. Wannan gugar ta ƙarshe ita ce mutane ke mantawa, ita ce kuma mafi amfani. Man da ke cikin gaɓa shi ke aiki, wanda ke waje kiran ƙura kawai yake yi.

Sarƙa kuma tana da ma'auni, ba sai an yi duba ba. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, wato milimita 12.7. Idan ka ɗora rula daga tsakiyar wata ƙusa ka ƙirga tazara 24, sabuwar sarƙa za ta ba ka santimita 30.5 ba ko kaɗan. In ka ga ta ƙaru da kusan milimita 2, to ta ci, lokacin canji ya yi. Wanda ya canza a lokacin, sarƙa kaɗai zai saya. Wanda ya yi jinkiri, sai ta lalata haƙoran faifan baya da na gaba, ya sayi abu uku maimakon ɗaya, in ma ya samu irinsu a kasuwa. Mai keke ɗan gwanjo ya san wuyar neman kayan da suka dace da nasa. Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa ya fi shi araha ma.

Akwai wata ɗabi'ar kuma ta masu son tsabta amma ba su son wahala: kai keke wurin wankin mota a feshe shi da tiyo mai ƙarfi. Yakan fito yana walƙiya, amma ƙarfin ruwan nan yana tura yashi da danshi cikin boris na ƙafafu da na feda da na wuya, ya kore giris ɗin da ke ciki. Bayan ƴan makonni sai ka ji gurnani daga inda ba ka zata ba. Bokitin ruwa ɗaya da ɗan sabulu da tsumma biyu sun isa wanke keke. Kuma amfanin wanki da hannu ya wuce tsabta: a lokacin ne za ka ga notin da ya kwance, wayar da ta fara tsinkewa, tsagar da ta fara fitowa a taya. Mai tiyo ba zai ga wannan ba, ba kuma shi ne aikinsa ba. In ka gama, ka ajiye keken a inuwa, domin rana na busar da roba ta sa taya ta tsattsage tun ba ta ci ba.

Sai taya. Duk wanda ya taɓa barin kwalta ya bi hanyar gona ya san tsidau, ya san ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Ba mu da yadda za mu yi da ƙaya, amma rabin facin da muke kaiwa ba ita ce sanadinsa ba, rashin iska ne. Taya mai laushi idan ta daki dutse ko bakin rami, rim yakan matse tiyub ya huda shi wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji. In ka ga irin wannan hudar, kada ka zargi ƙaya, kanka za ka zarga. A gefen kowace taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Ka karanta, ka kuma matsa tayar da yatsa kafin kowace fita, domin tiyub yana rage iska a hankali ko da bai huje ba.

Shi kansa facin, yaro ɗan shekara goma na iya koyonsa. A cire taya da abin banɓara ko bayan cokali, ban da sukudireba mai kaifi. A hura tiyub a tsoma cikin ruwa a ga inda ke kumfa. A goge wurin da sanfefa, a shafa sholisho kaɗan, a jira kamar minti biyar har ya sha iska kafin a manna facin a danne. Masu gaggawa da ke mannawa tun yana jiƙe su ne ke dawowa gida da ƙafa. Kafin a mayar da tiyub kuma, a bi cikin tayar da yatsa a hankali a nemo ƙayar da ta yi ɓarnar, in ba haka ba tana nan tana jiran sabon tiyub. Wani abin lura ga mai zuwa kasuwa: kada ka ce wa mai shago "ba ni taya lamba 28" ka tsaya nan. Akwai 28 iri biyu. Ka duba lambobin da ke gefen tayarka, irin su 37-622 ko 40-635. Lamba ta biyu ita ce faɗin rim a milimita. Tsofaffin manyan kekunan iyayenmu galibi 635 ne, na zamani masu siririyar taya 622, masu ƙatuwar taya lamba 26 kuma 559. Wanda bai san wannan ba yakan sayo tayar da ba za ta taɓa zama a rim ɗinsa ba.

Birki shi ne abin da ba a wasa da shi. Duba shi ba ya cin minti ɗaya. Ka matse na gaba ka tura keke, ka matse na baya ka tura. In hannun birkin yana zuwa har ya taɓa kan keke kafin ya kama, waya ta saki. Ka leƙa robar: tana da ƴan ramuka a fuskarta, in sun shafe to ta ƙare. Ka ga ko tana sauka daidai kan rim, ba kan taya ba. Mai birkin faifai kuma ya kiyaye kada mai ya taɓa faifan ko kaɗan, domin ɗigo ɗaya na iya kashe kamunsa. Da abokinmu ya yi wannan kafin ya fito, da bai gaisa da rairayi ba. Kuma ya yi sa'a jaki ne. A kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Dogon Dutsi, Konni, Maraɗi har Damagaram, abin da ke fitowa gabanka ba kullum jaki ba ne.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini. Na farko: "In kowa ya koyi gyaran kekensa, mai faci na bakin hanya me zai ci?" Tambaya ce ta tausayi, ban raina ta ba. Mutumin nan da ke zaune ƙarƙashin bishiya da famfonsa da kwanon ruwansa iyali yake ciyarwa. Amma mu duba gaskiya. Keken da ke jingine bayan ɗaki ba ya kawo wa mai gyara ko dala. Keken da ke kan hanya shekara goma shi ke buƙatar a miƙe masa ƙafa, a canza masa boris, a ɗaure masa sababbin wayoyi. Mai kula da kekensa shi ne ke gane matsala tun tana ƙarama ya kai ta inda ya dace, shi ne kuma ya san darajar aikin har ya biya ba tare da ja-in-ja ba. Wanda bai taɓa gwada cire taya ba shi ne ke tsayawa yana ciniki kan dala biyar. In da gaske muna tausayin mai gyara, mu riƙa kai masa aikin da ya kai a kira shi aiki, mu biya shi da kyau.

Na biyu: "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, garin gyara sai a ɓata." Wannan ma gaskiya ne, ni shaida ne. Na taɓa kwashe rabin yini ina kokawa da fedar hagu, ina ƙara ɗaure ta ina zaton kwancewa nake, har na kusa cinye zaren. Daga baya wani dattijon mai gyara ya yi mini dariya ya ce, "Ɗana, ta hagu a juye take, inda kake kwance ta dama nan ake ɗaure ta." Don haka ban ce kowa ya zama makaniki ba. Akwai iyaka. Wanki, mai, iska, faci, canza robar birki da ɗaure notin da ya saki, waɗannan na gida ne. Miƙe ƙafar da ta karkace, buɗe boris, gyaran birki mai ruwan mai, ko ƙarfen jikin keke da ya tsage, waɗannan na gwani ne. Sanin inda hannunka ya tsaya ma wani ɓangare ne na iya kula da keke. Kayan aikin gidan kuma ba su da yawa: famfo, sifana lamba 10 da lamba 15, ƴan makullan nan masu kusurwa shida lamba 4, 5 da 6, kayan faci, buroshi da tsumma. Duka ba su kai kuɗin rigar wasannin da muke yi wa hoto ba.

Na uku ba a cika faɗinsa a fili ba, amma shi ne tushen abin: kunya. Mutum yana ganin girmansa ya wuce a gan shi a tsugune ƙofar gida hannu duk baƙi. Yana da yara, yana da ɗan aike, me zai sa ya riƙe tsumma? Wannan girman kan sabo ne, ba gadonmu ba ne. Tela ba ya kiran kowa ya zuba wa kekensa na ɗinki mai. Manomi da kansa yake wasa haukarsa kafin damina. Mai doki na gaske yana duba kofaton dokinsa ko da yana da bara goma. Iyayenmu da suka hau Raleigh da Phoenix, da yawansu akwai ɗan tsumma maƙale ƙarƙashin sirdi, in sun sauka sai sun goge kafin su shiga gida. Shi ya sa keke guda ya kai ɗa makaranta, ya kai jika. Ita kanta tayar iska da muke hawa, wani likitan dabbobi ne mai suna John Boyd Dunlop ya haɗa ta a Belfast a 1888, don ɗansa ya ji daɗin tuƙa ɗan kekensa mai ƙafa uku. Da ya ji kunyar tsugunawa gaban keken yaro, da ba mu san sunansa ba.

Matasanmu da ke bin gasar tseren keke a waya sun san Tour du Faso da maƙwabtanmu na Burkina Faso suka fara tun 1987, sun kuma ga yadda Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France na 2024 ya tafi da koriyar riga. Abin da kyamara ba ta cika nunawa ba shi ne, kowace yamma bayan tsere sai an wanke kekunan nan ɗaya bayan ɗaya, an duba su gaɓa gaɓa, kafin gari ya waye. Su suna da ma'aikatan da ake biya don haka. Mu ba mu da su, saboda haka mu ne mahaya, mu ne ma'aikatan. Wanda ya kwaikwayi rigar ya bar wankin, rabin abin ya ɗauka.

Ga shawarata ga ƙungiyoyin masu yawon keke da ke tasowa a garuruwanmu. A ware Lahadi ɗaya a wata, a rage tsawon tafiya, a zauna a inuwa kowa da kekensa da bokitinsa. A haɗa kuɗi a sayi kayan aikin da mutum ɗaya ba zai saya don kansa ba. A gayyato gogaggen mai gyara na unguwa ya koyar, a biya shi kuɗin yininsa cikin mutunci, ba a ce masa "Allah ya saka" kawai ba. A zo da yara, maza da mata, domin ɗan makarantar da ya iya faci ba zai makara aji don ƙaya ɗaya ba. Kuma kafin kowace fita, a sa doka: ba mai tashi sai an matse birkin kowa an gani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018. Maimakon mu yi jerin gwano mu ɗauki hoto mu watse, me zai hana mu mayar da ita ranar fito da kekunan da ke bayan ɗaki a tashe su?

Abokin namu ya warke. Makon da ya biyo baya na je gidansa da yamma, na tarar ya kifa keken a tsakar gida, ƙafafu sama, ƴarsa ƙarama na riƙe masa da kwalbar mai, hannunsa baƙi ƙirin har wuyan hannu. Ya dube ni ya ce, "Kada ka faɗa wa ɗalibaina." Na ce, "Malam, su ne ma ya kamata su fara gani."

Allah ya kiyaye mana hanya, mu kuma mu duba birki.